Wakafin Littattafan Ajiya: Yadda Littafi Ɗaya Zai Wadaci Aji Guda

 

Ya ku masu ba da gudummawa da shugabannin kwamitocin masallatai, a rangadin da muka yi bana a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, koke ɗaya ya yi ta maimaituwa a bakin ɗaliban da gidauniya ke tallafa wa. Mukan biya wa yaro kuɗin rajista, mu ɗauka an sauke nauyi, sai ya dawo bayan makonni kaɗan ya ce malami ya ambaci littafin da kwas ya dogara a kansa, ga shi kuɗin littafin ya fi ƙarfin gidansu, kwafin da ke ɗakin karatu kuma wani ya riga shi ara. Wannan ne ya sa majalisar amintattu ta kawo shawarar kafa wakafin littattafan ajiya a shekara mai zuwa. Da muka gabatar da ita, dattawa sun yi tambayoyi masu ma'ana: mene ne littafin ajiya, shin wakafin littafi ya inganta, za a iya sayensa da kuɗin zakka, kuma wa zai tsare shi? Wannan bayani amsa ce ga waɗannan tambayoyi.

Abin da ake nufi da littafin ajiya

A ɗakunan karatu na jami'o'i da kwalejoji, irin su Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, littattafai ba su zama a matsayi ɗaya. Mafi yawansu suna kan kantoci a fili, ɗalibi ya ɗauka da hannunsa, a rubuta masa, ya tafi da shi masauki na wasu makonni. Akwai kuma manyan littattafan dubawa, kamar ƙamusu, waɗanda ba su fita ko kaɗan. Kashi na uku shi ne na ajiya. Kafin a fara zangon karatu, malami yakan miƙa wa ma'aikatan ɗakin karatu sunayen littattafai da takardun da kowane ɗalibin kwas ɗinsa zai buƙata. Sai a ɗauke su daga kantocin fili, a jera su a bayan teburin ma'aikaci. Mai son karantawa ya ajiye katin shaidarsa, a ba shi littafin na ɗan lokaci, galibi sa'o'i kaɗan, ya karanta a cikin ɗakin ya mayar. Wasu wurare sukan yarda a kwana da shi, a karɓa dab da rufewa, a dawo da shi da sassafe. Idan zango ya ƙare, a mai da shi mazauninsa na da, ko a bar shi idan kwas ɗin zai ci gaba.

Amfanin wannan tsari yana fitowa sarai idan aka yi lissafi. Mu ƙaddara aji ne mai ɗalibai 80, littafin kuma kwafi 3 ne kacal, zangon karatu mako 14. In ana ba da aro na mako biyu-biyu, kowane kwafi zai shiga hannun mutum 7 a zango, jimla mutum 21, idan har kowa ya mayar a kan lokaci. Sauran 59 za su shiga jarrabawa ba su taɓa buɗe littafin ba. Amma in aka sa kwafi ukun a ajiya, ana ba da su na awa biyu-biyu a ɗakin da ke buɗe awa 8, kowane kwafi zai samu zama 4 a wuni, zama 20 a kwana 5, wato zama 60 ga kwafi ukun a mako guda. Kafin mako biyu su cika, kowane ɗan ajin ya samu rabonsa, kuma littafin yana nan yana jiran ya dawo. Yawan littattafan bai ƙaru ba, tsarin rabon ne kawai ya sauya.

Dalilin da ya sa buƙatar ta tsananta a yankinmu

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ce babbar makaranta mafi kusa da 'ya'yan Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji. Bayan ta akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da jami'ar jiha a Talata Mafara. Iyayen mafi yawan waɗannan ɗalibai manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwar ƙauye. A da, mahaifi kan sayar da buhun gero ko wake ko ɗan tunkiya a kasuwar Shinkafi ya biya wa ɗansa buƙatun makaranta. Kowa ya san abin da rashin tsaro ya yi wa wannan hanya: gonaki da yawa an bar su, dabbobi an kore, iyalai sun baro ƙauyukansu sun raɓu da 'yan'uwa a cikin gari. Sannan daga watan Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, farashin takarda da na littattafan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi. Littafin injiniya ko na lissafin kuɗi ko na kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ya zama abin da talaka sai dai ya gani a hannun wani.

Wasu sun ce mana ai yanzu komai yana cikin waya. Muna girmama wannan ra'ayi, kuma littattafan intanet suna da amfani babba. Sai dai mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a duk faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka shafe makonni masu yawa babu kira babu intanet. Ko a lokacin da layi yake nan, sai da kuɗin data, da wutar caji, da waya mai kyau. Ga kuma ɗalibai, musamman mata, da halin tsaro ya hana su zama karatun dare a cikin makaranta. Littafin takarda da ke jiran ɗalibi da rana a kan tebur ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Muna kuma sane da cewa asusun TETFund yana tallafa wa ɗakunan karatu na manyan makarantun gwamnati, asusun NELFUND kuma ya fara ba ɗalibai rance tun 2024. Ba mu zo don mu maye gurbinsu ba. Giɓin da muke son cikewa ƙarami ne: ƙarin kwafi na littattafan da aji guda ke rububinsu a mako ɗaya.

Matsayin wakafin littafi a shari'a

Asalin wakafi, ko hubusi kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka fi kiransa, shi ne a tsare dukiya, a sadaukar da amfaninta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya samu fili mai daraja a Khaibar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarce shi da ya riƙe asalin filin ya yi sadaka da abin da yake samarwa, a kan ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani suna cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa da mutuwa. Littafin wakafi ya haɗa biyun a lokaci guda.

Mazhabar Imam Malik ta yalwata wannan ƙofa. Ba fili da gida kaɗai ake hubusawa ba, har abin da ake iya ɗauka, kamar dabba da makami da littafi, kuma malamai sukan kafa hujja da sulkuna da kayan yaƙin da Khalid ɗan Walid ya tsare saboda Allah. A babin wakafi na Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, akwai hukunce-hukunce huɗu da suka shafi aikin nan kai tsaye. Na farko, dole abin ya fita daga hannun mai shi zuwa hannun waɗanda aka yi dominsu ko mai kula da shi, kafin mutuwa ko ciwon ajali ko karyewar bashi su riske shi. Wanda ya ce ya yi wakafin littattafansa amma ya bar su a kulle a ɗakinsa har ya rasu, sun koma gado. Na biyu, ba sharaɗi ba ne wakafi ya zama na har abada, don haka malami ko tsohon ɗalibi zai iya hubusa littafinsa na zango ɗaya ko na shekara biyu, sannan ya dawo masa. Na uku, ana bin sharaɗin mai wakafi matuƙar ya halatta, saboda haka idan ya ce kada littafin ya fita daga ɗaki, ko kada a riƙe shi fiye da awa biyu, wannan sharaɗi ya zama wajibin kiyayewa. Na huɗu, abin da ba fili ko gini ba, idan amfaninsa ya ƙare, ana sayar da shi a sa kuɗin a cikin irinsa. Wannan hukunci na ƙarshe yana da muhimmanci, domin littattafan kimiyya suna tsufa, sabon bugu yana korar tsoho.

Magabata sun riga mu

Ƙayyade lokacin aro ba baƙon abu ba ne da muka kwaso daga Turawa. A shekara ta 799 bayan Hijira, daidai da 1396, Ibn Khaldun yana Alƙahira ya yi wakafin kwafin littafinsa na tarihi ga ɗakin karatun masallacin Ƙarawiyyin da ke Fas, ya gindaya sharaɗin cewa ba za a ba da aronsa ba sai ga amintacce, da jingina, kuma kada ya wuce wata biyu a hannunsa. A Alƙahira ɗin ma, wanda ya kafa makarantar Mahmudiyya ya shar'anta cewa littattafanta ba za su fita daga ginin ba. Hafiz Ibn Hajar Al-Asƙalani da kansa ya riƙe aikin kula da wannan taska, daga baya kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta risala a kan ko za a iya sassauta sharaɗin ga mai buƙatar gaske. Ke nan manyan malamai sun daɗe suna auna abu biyu da mu ma muke aunawa yau, wato tsaron littafin da sauƙin isa gare shi. A ƙasar Hausa ma, ɗaliban zaure sun saba da kofe guda yana zagaya hannuwa, wannan ya kwafa ya miƙa wa wancan.

Bambanci tsakanin kuɗin zakka da kuɗin wakafi

A nan muke roƙon kwamitoci su yi hattara. Allah Ya ƙayyade masu cin zakka kashi takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma zakka ana damƙa ta ne ga wanda ya cancanta ta zama mallakarsa. Littafin da ke kan teburin ajiya ba mallakar kowa ba ne, ɗan mai hali da ɗan talaka duk za su karanta shi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Don haka ba za mu saye shi da kuɗin zakka ba, kamar yadda a mazhabarmu ba a gina masallaci ko haƙa rijiya da zakka. Ɗalibi matalauci za a ci gaba da ba shi rabonsa na zakka a hannu, ya biya kuɗin makaranta, ya ci abinci, ko ya sayi littafin kansa in ya so. Littattafan ajiya kuwa za su fito daga asusun wakafi da sadakar ganin dama kaɗai. Asusun biyu ne, rajista biyu, rasit iri biyu. Muna roƙon duk ma'ajin da aka miƙa wa kuɗi ya tambayi mai bayarwa niyyarsa kafin ya rubuta, domin cakuɗa su yana iya ɓata wa mutum farillarsa bai sani ba.

Yadda aikin zai gudana

Mun koyi darasi daga kuskurenmu. Shekarun baya wani bawan Allah ya turo mana kwalaye na littattafai da kyakkyawar niyya. Da muka buɗe, mafi yawansu tsofaffin bugu ne na fannonin da ba a koyarwa a nan. Muka ajiye su a ɗakin ajiyar wani masallaci muna jiran yadda za a yi, damina ta zo, laima da gara suka gama da kaso mai yawa. Laifin namu ne, domin mun karɓa ba mu tambayi wanda zai karanta ba. Saboda haka sabon tsarin zai fara daga buƙata, sannan a nemi kuɗi.

Za mu nemi zama da hukumomin makarantun da shugabannin ɗakunan karatunsu, domin babu littafin da zai shiga ginin wani sai da yardarsa da bin ƙa'idarsa. Idan an amince, kafin kowane zango za mu roƙi sassan karatu su ba mu jerin littattafan da suka fi ƙaranci, bisa manhajar da hukumar NBTE ta tsara wa kwalejojin fasaha, ko ta NUC ga jami'o'i. Za mu fifita kwasa-kwasan shekarar farko, domin a nan aji ya fi cika, kuma a nan sabon ɗalibi daga ƙauye ya fi saurin karaya. Za mu sayi bugu na asali daga amintattun masu sayarwa, a ƙarfafa bangonsa, a buga masa hatimin wakafi a shafin farko da gefen takardu, a ba shi lamba a rajistarmu da ta makaranta.

Za a rubuta takardar wakafi da shaidu, ta bayyana cewa littattafan ba na sayarwa ba ne, suna zaune a sashen ajiya, kowane ɗalibi mai kati yana da haƙƙin karantawa ba tare da bambancin gari ko ƙabila ko addini ba. Wanda ya riƙe littafi fiye da lokaci za a bi da shi bisa ƙa'idar ɗakin karatun. Wanda ya salwantar da shi da sakaci zai biya irinsa, wanda kuma abin ya fi ƙarfinsa, kamar gobara ko hari, babu ramuwa a kansa. A ƙarshen kowane zango, wakilinmu zai zauna da ma'aikacin ɗakin a ƙirga littattafan, a duba sau nawa aka karɓi kowanne. Wanda ake rububinsa a ƙara kwafinsa, wanda ba a taɓa ba a bincika dalili. Waɗannan alƙaluma za ku gan su a rahoton baɗi, in Allah Ya kai mu.

Akwai abu biyu da ba za mu yi ba. Ba za mu ɗauki littafin wani mu buga shi gaba ɗaya a injin kwafi mu jera da sunan wakafi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare aikin marubuci, kuma Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Haka nan ba za mu sayi takardun darasin da ake tilasta wa ɗalibai saye ba. Malamin da ya so ya ajiye bayanan darasinsa kyauta don kowa ya karanta, muna maraba da shi, kuma za mu ɗauki nauyin bugawa da ɗinkewa.

Abin da muke roƙon kwamitocin masallatai

Na farko, ku taimaka mana da sunayen 'ya'yan unguwanninku da ke manyan makarantu da fannin da kowa ke karanta, domin mu san inda buƙata ta fi yawa. Na biyu, limamai su yi wa jama'a bayani cewa wakafi ba na attajirai kaɗai ba ne. Mutum biyar za su iya haɗa kuɗin littafi ɗaya, manomin da ya fitar da zakkar hatsinsa zai iya ƙara dami guda na ganin dama, 'ya'ya za su iya hubusa littafi da niyyar ladan ya isa ga iyayensu da suka rasu. Wanda ya so a rubuta sunansa a hatimi za a rubuta, wanda ya so a sakaya za a sakaya. Na uku, ku tuntuɓi 'ya'yan yankin nan da suka gama karatu suke aiki a Gusau da Sakkwato da Kano da Abuja. Da yawansu suna da littattafai masu kyau da ke kwance a akwati. Sai dai kada a aiko da komai kafin a duba jerin da muka fitar.

Ga ɗaliban da hanya ko tsaro ya tsare a gida lokacin hutu, muna nazarin kafa ɗan ƙaramin kabad na ajiya a babban masallacin Juma'a guda a Shinkafi da guda a Zurmi, bisa wannan ƙa'ida ta karatu a wurin. Ba za mu fara ba sai kwamiti ya nuna mana ɗaki busasshe mai makulli, da mutum takamaimai da ya yarda ya riƙe rajista, da lokacin da mata za su iya shiga cikin natsuwa. Inda aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, gara a jinkirta.

Wani dattijo ya tambaye mu ko lada zai samu a littafin lissafi da na gyaran injin kamar yadda yake samuwa a Alƙur'ani da littattafan fiƙihu. Amsarmu ita ce darajar Littafin Allah babu mai kamo ta, kuma wakafinsa yana nan a cikin ayyukanmu. Amma sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su, malamai sun sanya koyonsu cikin farillar da idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura. Asibitocin Zurmi da Shinkafi suna buƙatar mai gwajin jini, rijiyoyin burtsatsenmu suna buƙatar mai gyara, ita kanta wannan gidauniya tana buƙatar akawu mai amana da ya iya aikinsa. Idan yaranmu suka faɗi jarrabawa don rashin littafi, waɗannan gurabe za su ci gaba da zama babu kowa, kuɗin rajistar da kuka biya musu kuma ya tafi a banza.

Wanda yake da niyyar shiga wannan wakafi ya sanar da ma'ajin kwamitin masallacinsa kafin a buɗe zangon karatu na gaba, ya ambata a fili cewa na littattafan ajiya ne, ya kuma karɓi rasit. Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.